Kafin A Sayar Da Gonar Gado Don Karatu A Ingila

Masu iya magana kan ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma ba ni da ja a kan haka. Sai dai akwai wata tafiya da ta shiga ran matasanmu, musamman waɗanda suka karanta tattalin arziki ko akanta, wato zuwa Ingila yin digiri na biyu a fannin harkar kuɗi. Shekara guda ce kacal, ka dawo da takardar da ake ganin babu bankin da zai juya mata baya. Da yake na zauna a irin wannan aji, ina so in faɗa wa 'yan uwana ɗalibai ra'ayina ƙarara: wanda bai samu tallafin karatu ba, kuma bai taɓa aiki ba, to ya dakata tukuna.

Dalilina na farko shi ne naira. Ɗaya daga cikin darussan da ake fara koyarwa a wannan fanni shi ne haɗarin canjin kuɗi, wato mutum yana samu da kuɗin wata ƙasa amma bashin da ke kansa na wata ƙasar ne. Malami zai zana maka wannan a allo da misalin kamfanonin Japan da Jamus, alhali kai da ke zaune a gabansa kai ne misalin. Mahaifinka da naira yake samu, makaranta kuwa fam take karɓa. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da gwamnati ke sayarwa kimanin naira 460 sai ga ta ta haura naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Iyalin da suka sayar da gona ko fili suka ajiye kuɗin shekara cif a banki, suka wayi gari abin da ke hannunsu bai kai rabin kuɗin makaranta ba, ba tare da sun taɓa ko kwabo ba. A watan Mayun 2024 har labari ya bazu cewa Jami'ar Teesside ta dakatar da wasu ɗalibai 'yan Nijeriya da suka kasa biya a kan lokaci, abin da ya jefa bizarsu cikin haɗari.

Wani zai ce ai idan ya isa zai yi aiki ya cike giɓin. Doka ta ƙayyade wa ɗalibi awa 20 a mako lokacin zangon karatu. Wannan zai iya biyan haya da abinci idan an yi tsimi, amma ba zai biya kuɗin makarantar da a manyan jami'o'in Landan ya haura fam 40,000 ba. Ga kuɗin kiwon lafiya na fam 776 a shekara da aka fara karɓa tun Fabrairun 2024. Kuma wanda ya kwana yana jera kaya a kanti, da wane ido zai kalli lissafin hannun jari da ƙarfe tara na safe? Na ga masu ƙwazo sosai suna gyangyaɗi a aji, ba don lalaci ba.

Dalili na biyu ya fi damuna, domin ba a cika maganarsa ba. Ajin nan kasuwa ce, kowa da abin da ya kawo. Ɗan Indiya ya yi shekara uku a banki, 'yar Sin ta yi aiki a kamfanin inshora. Idan aka ɗauko rushewar bankin Lehman Brothers a 2008, kowa sai ya kawo yadda abin ya taɓa ƙasarsa. Mu ma fa muna da abin faɗa, har ma ya fi na wasu daɗin ji: yadda Charles Soludo ya ɗaga jarin bankuna zuwa naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005, da yadda Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar a watan Agustan 2009. Hatta adashen da iyayenmu mata ke yi, tambaya ce babba a wannan ilimi: me ke sa mutum ya ci gaba da zubi bayan ya riga ya kwashi nasa, ba takarda ba kotu? Amma wanda ya fito daga hidimar ƙasa kai tsaye ya hau jirgi, yawanci bai san waɗannan ba sai a sama-sama. Sai ya zauna shiru yana kwafar labarin wasu, ya dawo ya fi sanin Babban Bankin Ingila fiye da na ƙasarsa.

Ba cewa nake karatun ba shi da amfani ba. Ɗakin karatunsu da tarin alƙaluman kasuwa da ɗalibi ke samu a kwamfuta, gani ya kori ji. Shawarata dai ita ce a yi aiki na shekara biyu ko uku a gida, ko da a ƙaramin bankin al'umma ne, sannan a nemi tallafi irin na Chevening ko Commonwealth. Chevening ma sharaɗinsa ke nan, sai mai ƙwarewar aiki ta aƙalla shekara biyu. Wanda ya samu irin wannan, da fam ake biya masa, ko naira ta tashi ko ta faɗi gonar gidansu tana nan.