"LALLAƁA MIN ITA": RA'AYINA KAN GYARAN ƘAFAR GABAN AKORI-KURA A JOS

Gabatarwa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a garejojin Jos, tun daga Farin Gada zuwa Dilimi har Bukuru. Mai mota zai kawo akori-kurarsa tana ƙara a ƙafar gaba, bakanike ya duba ya faɗa masa abin da ya lalace da kuɗin kayan, sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haba Injiniya, lallaɓa min ita dai, in na dawo daga Bokkos ma gyara." Mu ɗaliban harshe mun san lallaɓa kalma ce mai taushi. Ana lallaɓa maras lafiya, ana lallaɓa tsoho, ana lallaɓa mai fushi. Sai dai ƙarfe ba ya jin lallashi. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, ƙafar gaban motar da ke ja da ƙafa huɗu ba wurin lallaɓawa ba ce: ko dai a gyara ta yadda ya kamata, ko a ajiye motar har a sami halin gyarawa.

Me ya sa sai Jos?

Garin Jos yana bisa tudu mai tsayin fiye da mita 1,200 daga teku, kuma ruwan da ake samu a shekara yakan kai kimanin milimita 1,400, mafi yawansa tsakanin watan Afrilu da Oktoba. Wannan sanyi da wannan ruwa su suka sa Filato ta zama gidan dankalin turawa da kabeji da karas. To amma gonakin ba a bakin kwalta suke ba. Wanda ya san ƙauyukan Bokkos da Mangu da Barikin Ladi a watan Agusta ya san taɓo da duwatsu da rafuka marasa gada. Kafin buhu ya iso kasuwar Farin Gada, sau da yawa sai akori-kura mai ja da ƙafa huɗu ta shiga ta fito da shi. Irin motar ce kuma ma'aikatan lafiya ke hawa su kai allurar rigakafi, ita ce ke fito da mai naƙuda cikin dare. Saboda haka in ƙafar gabanta ta mutu, asarar ba ta mai motar kaɗai ba ce.

Yadda ƙafar gaba ke aiki

Domin mai karatu ya fahimci hujjata, bari in ɗan yi bayani. A kan kwalta tayoyin baya ne kawai ke tura irin wannan mota. Idan direba ya shiga taɓo ya sa giyar ƙafa huɗu, ƙarfin inji yakan rabu biyu, wani ya bi farfela ta gaba zuwa aksul, wato ƙarfen da ke tsakanin tayoyin gaba biyu. A jikin aksul akwai wata tukunya mai haƙoran ƙarfe da ke iyo cikin man giya, ana kiranta difaranshal. Ita ke raba ƙarfin ga shaf na dama da na hagu, ta kuma bar taya ɗaya ta fi ɗaya gudu a kan kwana.

Wahalar ƙafar gaba ita ce aiki uku take yi lokaci guda: tana ɗaukar nauyin inji, tana jan mota, tana kuma bin umarnin sitiyari. Don haka a ƙarshen kowane shaf akwai wata gaɓa mai ƙwallayen ƙarfe, galibi guda 6, da ke ba shaf damar juyawa ko da taya ta karkata. Wani injiniyan kamfanin Ford mai suna Alfred Rzeppa ne ya ƙirƙiro irin wannan gaɓa a shekarun 1920. Rayuwarta duka a kan abu biyu take: giris ya zauna a ciki, yashi da ruwa su zauna a waje.

Ƙirar ƙafar gaban iri biyu ce. Kamfanin Toyota ya fara fitar da Hilux a 1968, mai ja da ƙafa huɗu kuma a 1979. Tsofaffin suna da aksul guda ɗaya dunƙulalle, kuma an ci gaba da ƙera su haka don ƙasashe da dama har 1997. Land Cruiser samfurin 70, wadda aka fara a 1984, ita ma wannan ƙira gare ta. Hilux ta zamani kuwa kowace taya da ƙafarta daban, kuma roba ce mai kama da bakin zugazugi ke rufe gaɓar shaf.

Ire-iren lallaɓawa da abin da suke haifarwa

Na farko, robar shaf. Ƙaya ko dutse ko tsufa kan yaga ta. Da ta yage giris zai fantsame, yashi ya shiga ya riƙa cin ƙwallayen kamar dutsen niƙa. Daga nan sai a fara jin ƙas-ƙas-ƙas idan an sha kwana. Kuɗin roba da giris bai kama ƙafar kuɗin shaf ba, amma sai a ɗaure wurin da leda da kyauron taya a ce an lallaɓa. Bayan 'yan makonni wanda ya ƙi sayen roba zai sayi shaf.

Na biyu, yoyon mai. A motoci masu dunƙulallen aksul akwai wata roba da ke hana man giya haɗuwa da giris. In ta mutu sai ka ga baƙin mai yana ɗiga ta bayan taya. Lallaɓawa a nan ita ce a goge wurin a ƙara mai. Amma man da ke yoyo yana iya kaiwa ga birki, kuma ranar da aka manta ba a ƙara ba haƙoran difaranshal za su ci juna.

Na uku, ruwa. Aksul yana da ɗan bututun shan iska. Idan ya ɗau zafi aka tsunduma shi cikin rafi mai sanyi, yakan zuƙi ruwa. Alamar ita ce man ya koma fari-fari kamar an zuba masa nono. Man da ya zama haka ba ya kare ƙarfe, juye shi ake yi a zuba sabo.

Na huɗu, kuma shi ya fi yawa, cire farfelar gaba a jefa a bodi. Ƙara ta ɗauke, mai mota ya yi murna, alhali ya mayar da motarsa mai ja da ƙafa biyu. Ranar da ya cika ta da dankali ruwa ya sauko, ranar zai san abin da ya cire. Wanda ya fi wannan muni shi ne zare shaf ɗin gaba ɗaya, domin a wasu samfuran kan shaf da babban notinsa su ne ke ɗaure boris ɗin taya. In babu su taya na iya fita mota na cikin gudu.

Na biyar, sayen difaranshal na-hannu ba tare da lissafi ba. Dole juyin haƙoran gaba ya yi daidai da na baya. In suka saɓa, da an sa giyar ƙafa huɗu gaba da baya za su riƙa ja-in-ja har wani abu ya karye. Haka nan in aka sa tayoyi masu girma daban-daban.

Na shida, ƙananan abubuwa da ake rainawa: sa lanƙwasasshiyar ƙusa a madadin fil ɗin da ke hana noti kwancewa, ɗaure boris da ƙiyasi, ko yi wa tsagaggen ƙarfen sitiyari walda. Duk wanda ya taɓa gangarowa Hawan Kibo a kan hanyar Jos zuwa Akwanga ya san wuri ne da ba a son sitiyari ya yi gardama ko na daƙiƙa ɗaya.

Hujjar masu lallaɓawa

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Mai mota zai ce kayan gyara sun yi tsada, kuma gaskiya ya faɗa, domin yawancinsu daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki darajar naira a 2023 farashinsu ya yi tashin gwauron zabo. Zai ce ko ya sayi sabo ba shi da tabbacin ba jabu ba ne. Zai ce dankali ba ya jira, in bai kai kasuwa yau ba gobe ya fara ruɓewa. Shi ma bakanike zai ce in ya ƙi lallaɓawa, na kusa da shi zai karɓi aikin, shi ya kwana da yunwa.

Duk na yarda da waɗannan, amma ba su kai inda ake so su kai ba. Tsadar kaya hujja ce ta gyara da wuri, tun abin yana roba bai zama shaf ba. Gaggawar kasuwa hujja ce ta duba mota tun bazara, kafin ruwa ya sauka. Sannan akwai wanda ba a tambayi ra'ayinsa ba: yaron mota da ke zaune bisa buhuna, matan da aka rage wa hanya, da mai babur da ke tahowa daga ɗaya hannun. Mai mota yana da ikon yin caca da kuɗinsa, amma ba shi da ikon yin ta da ransu.

Mafita

Ga masu mota, ina ganin abin da ake buƙata bai fi ƙarfin kowa ba. A leƙa ƙarƙashin mota sau ɗaya a mako a duba roba da alamar yoyo. A duba launin man aksul bayan an ratsa ruwa mai zurfi. Kada a sa giyar ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta, domin tana murɗe shaf. Motar da ke da makulli a tsakiyar tayoyin gaba kuwa, littafin Toyota ya ba da shawarar a kulle shi a yi tafiyar aƙalla kilomita 16 a kowane wata, don mai ya zagaya ko da rani ne. Idan an je gareji a tsaya a ga abin da aka cire da abin da aka sa, a kuma karɓi tsohon.

Ga kanikawa, su suka fi kowa sanin abin da zai biyo baya. Ya kamata bakanike ya bambanta wa mai mota abin da zai iya jira da abin da ba zai iya ba. Fitilar cikin mota na iya jira, rediyo na iya jira, amma boris da gaɓar sitiyari ba sa jira. Ƙungiyarsu ta ƙasa, wato NATA, tana iya sa mambobinta su yi magana da murya ɗaya kan ayyukan da ba za a lallaɓa ba, ta yadda wanda ya ƙi ba zai ji tsoron maƙwabcinsa zai karɓa ba. Sannan a koya wa yaran gareji dalilin kowane abu, ba "miƙo sifana" kaɗai ba, domin yaron da ya tashi yana ganin ana sa ƙusa a madadin fil, shi ma haka zai koya wa nasa yaran.

Kammalawa

A taƙaice, masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, sun kuma ce araha ba ta ado. Da yawa daga cikinmu 'ya'yan manoma ne da direbobi da 'yan kasuwa, kuma kuɗin makarantar wasunmu a bayan irin wannan mota yake fitowa daga gona. Don haka idan muka koma gida hutu muka ji Baba ko Yaya yana shirin cewa a lallaɓa, mu yi masa magana cikin ladabi, mu tuna masa cewa kwana biyun da motar za ta yi a gareji sun fi sauƙi a kan kwana ɗaya a cikin rami.