Ƙwallon Gorar Mata A Kan Ƙanƙara: Ƙasa Biyu Sun Kankane Fage

Masu iya magana sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. To, amma a gasar ƙwallon gora ta mata a kan ƙanƙara, tun ba a kai ga ɗora tukunya ba 'yan kallo sun riga sun san gidajen nan biyu da tuwon zai shiga, watau Kanada da Amurka.

Shi dai wannan wasa, mutum shida-shida ke yin sa a kan daskararren ruwa, kowa sanye da takalmi mai kaifin ƙarfe a ƙasansa, suna kora wani ɗan faifan roba da sanda zuwa raga. Zagaye uku a ke yi, kowane minti 20.

An fara gasar duniya ta mata a birnin Ottawa a shekarar 1990, inda Kanada ta ci Amurka 5 da 2 a wasan ƙarshe. Sa'ad da aka shigar da mata cikin wasannin Olimfik a Nagano ta Japan a 1998, sai Amurka ta rama da ci 3 da 1. Daga 1990 har 2025 babu wata ƙasa ta uku da ta taɓa ɗaukar kofin duniyar.

Wannan al'amari ya kusa jawo wa wasan asara. A Vancouver a 2010 Kanada ta zuba wa Slovakiya 18 ba ko ɗaya, har shugaban Olimfik na lokacin, Jacques Rogge, ya yi gargaɗi cewa sai sauran ƙasashe sun matso in ana so wasan ya dawwama a gasar.

Dalilin wannan rata kuwa a fili ya ke. A ƙasashen biyu yarinya kan tashi ta tarar da filin ƙanƙara a garinsu, da mai koyarwa, da jami'o'i masu ƙungiyoyin mata. Duk da haka su ma sai da suka yi fafutuka, domin a 2017 'yan wasan Amurka sun yi barazanar ƙaurace wa gasar duniya kan maganar albashi, sai da aka daidaita da su sa'an nan suka shiga, suka kuma ci kofin.

Sauran ƙasashe sun taɓa kusantowa. Suwidin ta fitar da Amurka a Turin a 2006, ta kai wasan ƙarshe. A 2019 kuma Finland ta kayar da Kanada, ta jefa wa Amurka ƙwallon da ta ɗauka na nasara ne, har 'yan wasanta sun fara murna, sai alƙalai suka duba hoton wasan suka soke shi. Amurka ta ci daga baya.

A Janairun 2024 aka fara gasar ƙwararrun mata ta PWHL da ƙungiyoyi shida a Kanada da Amurka, kuma ta ɗauki 'yan wasa daga Turai. In waɗannan suka goge a can suka koma wa ƙasashensu da abin da suka koyo, watakila watarana kofin ya kwana a wani gida na uku.