Maurice Ashley da Tsadar Zama Babban Gwani

A shekarar 1950 ne hukumar wasan ces ta duniya, FIDE, ta fara ba da muƙamin Babban Gwani, wanda babu abin da ya ɗara shi a wannan dara sai kambun duniya. Sai da aka shafe shekara 49 kafin baƙar fata na farko ya same shi, wato Maurice Ashley na Amurka, a 1999. Akwai masu ɗaukar wannan jinkiri hujjar cewa basirar wasan ta taru a wasu jinsuna. Tarihin Ashley ya nuna cewa cikas ɗin yana wani wuri dabam.

An haife shi a Jamaika a 1966, ya koma unguwar Brownsville ta Brooklyn a birnin New York yana ɗan shekara 12. Bai riƙi wasan da gaske ba sai a makarantar sakandare, inda ma ya kasa samun gurbi a tawagar makarantar. Ya goge ne a lambun shaƙatawa na Prospect Park, a hannun wasu baƙaƙen 'yan wasa da ake kira Black Bear School, sannan da littattafai. A wannan Brooklyn ɗin Bobby Fischer ya tashi, amma shi tun yana yaro ya samu kulob-kulob da malamai da suka ja shi a jiki, har ya zama Babban Gwani a 1958 yana da shekara 15. Ashley kuwa sai da ya kai 33.

Sharuɗɗan muƙamin su ne ke fayyace wannan tazara. Dole ɗan wasa ya kai maki 2500 a ma'aunin FIDE, ya kuma nuna bajinta ta matakin gwanaye, galibi sau uku, a gasannin da suka haɗa manyan gwanaye da 'yan ƙasashe dabam-dabam. Wannan na bukatar kuɗin jirgi da masauki da mai horarwa, da shekarun da mutum zai yi yana nazari maimakon neman abin sawa a bakin salati. Ashley kansa sai da ya jingine aikin koyarwa na wani lokaci, ya samu mai tallafa masa, kafin ya cika sharuɗɗan.

Hujja mafi ƙarfi ta fito daga ɗalibansa. A 1991, tawagar Raging Rooks da ya horar, yaran wata makarantar gwamnati a unguwar Harlem, ta kai matsayi na farko a gasar ƙasa ta ƙananan makarantun sakandare, gaban makarantun 'ya'yan masu hali. Yaran nan suna nan a Harlem kafin zuwansa, da ƙwaƙwalwarsu yadda take. Abin da ya ƙaru shi ne malami, da allon wasa, da kuɗin motar zuwa gasa.

Wani zai ce ai mai naci shi kan samu, tunda Ashley ya kai ba tare da gata ba. Gaskiya ne, sai dai mutum guda cikin rabin ƙarni shaida ce ta ƙuncin ƙofar. Nawa ne suka tsaya a bencin Prospect Park da basira irin tasa, ba a taɓa jin sunansu ba?

A 2016 aka shigar da Ashley zauren karrama gwarazan ces na Amurka, kuma masoya wasan sun san muryarsa a sharhin manyan gasanni. Yabon ya cancanta. Amma duk al'ummar da ke alfahari da ɗanta na farko a wani fage, wajibi ne ta tambayi kanta wa zai ɗauki nauyin na biyu da na goma, domin gemu ba ya hana ilmi, amma rashin kuɗin tafiya yakan hana gwani zuwa fagen fama.