Malam, __linux__ ba shaida ba ce

Ka rubuta cewa mai son manhajarsa ta hau kowace na'ura ya duba __linux__ kawai, ya huta. Haba, Malam! Android ma na ɗaga wannan tuta, amma laburarenta Bionic ne, ba glibc ba. Alpine kuwa musl take amfani da shi, wanda da gangan aka ƙi sa masa alama. To, wa ka gane?

Ita ma _WIN32 tana nan har a Windows mai bit 64, inda long ke cin bayit 4, a Linux mai bit 64 kuwa 8.

Bar tambayar sunan tsarin, gwada ko aikin da kake nema yana nan, yadda Autoconf da CMake ke yi. Sai dai in wayar ARM kake harhaɗa wa daga kwamfutarka, gwajin da sai an kunna shi ba zai tashi ba.