Tsohuwar Mota Da Aljihun Ma'aikaci

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, wadda mu ke so mu jawo hankalin 'yan'uwanmu akawuna da malaman makaranta a kanta, musamman waɗanda aiki ya kai su ƙasar Bagudo, watau Lolo da Illo da Ka'oje da Tsamiya da sauran garuruwan bakin iyaka. Maganar kuwa ita ce ta tsohuwar motan nan da a ke kira 'yar Kwatano ko Beljiyam. Ma'aikaci ya yi shekara da shekaru yana tari, ko ya ci bashi, ya sayo ta ana ta yi masa barka. Kafin damina biyu sai ka tarad da ita a gindin bedi an ɗora ta bisa duwatsu, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta, bashi kuwa bai ƙare ba. A ganinmu tsufan mota ba shi ne babban laifi ba. Laifin yana ga saye ba lissafi, da riƙo ba kulawa, da gyara ba sani.

Bari mu fara da yadda aka yi muka zama masu hawan abin da waɗansu suka yar. A zamanin En'e akawu da malami doki su ke hawa ko keke, mota sai manya. Bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, da buɗe ma'aikatar haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, ma'aikata da dama suka sayi sababbin motoci. Amma daga 1986, da darajar naira ta soma faɗuwa, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, aka koma ga gwanjo. Jiragen ruwa suka riƙa kwaso tsofaffin motoci daga Turai da Amurka suna saukewa a Kwatano. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2020 cewa daga 2015 zuwa 2018 an fitad da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, Afirka ce kuwa ta fi kowace nahiya karɓa.

To, mutumin Lolo yana bakin hanya. Daga garinsa in ya ƙetare iyaka yana ƙasar Malanbil, inda titin da ya taso daga Kwatano, mai tsawon fiye da kilomita 700, ya iso bakin Kwara. Saboda haka ba ya rasa mai raɗa masa cewa ga wata mota can da araha. Sai dai a tuna, ranar 1 ga Janairu 1917 ba ita mu ke nufi ba, ta 2017 mu ke nufi: a ranar ce hanin da Gwamnatin Tarayya ta yi na shigowa da motoci ta kan iyakokin ƙasa ya fara aiki. Motar da aka biyo daji da ita da dare tana da aibi biyu. Na fari, ba ta da takardun kwastan, ranar da aka tare ta a hanya an rasa mota an rasa kuɗi. Na biyu, gudun da aka yi da ita cikin ramuka ya riga ya raunana ƙafafunta tun ba ta zo hannun mai ita ba. Ma'aikacin hukuma, wanda ya ke koya wa yara bin doka, bai kamata a same shi da irin wannan kaya ba. Araha ba ta ado.

Iyayenmu ba su sayen doki sai sun buɗe bakinsa sun duba haƙora, sun ɗaga kofato, sun sa an sukwane shi a gabansu. Haka ya kamata a yi wa mota. Kada a je ciniki sai da makanikin da aka amince da shi, wanda ba shi da la'ada wurin dillali. A je da sassafe, a ta da inji yana sanyi, gama inji mai ciwo da sanyin safiya ya ke tona asirin kansa. A duba hayaƙi: shuɗi alama ce inji yana shan baƙin mai, fari mai kauri wanda ba ya yankewa alama ce ruwa yana shiga inda bai kamata ba. A leƙa ƙarƙashi, domin a ƙasashen sanyi gishiri a ke zuba wa tituna don narkad da ƙanƙara, shi kuwa gishiri cin ƙarfe ya ke yi. Kada a gaskata adadin tafiyar da agogon mota ya nuna, ana iya mai da shi baya. A gwada lambar shasi da wadda ke cikin takarda, harafi bayan harafi. A duba gefen taya, akwai lambobi huɗu: in an ga 2319, ma'ana an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya ko da zanenta bai suɗe ba, zafin titi na watan Afrilu yana iya fasa ta, mutum na cikin gudu da iyalinsa a baya.

Sa'an nan a yi lissafin ci da ita, gama sayen doki ba wuya, harawa ce aiki. A watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, lita da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a wurare da yawa cikin 2024. A tsakanin nan dala ta tashi daga wajen naira 460 ta wuce 1,500, kayan gyara kuwa kusan duk daga waje su ke zuwa. Mafi ƙarancin albashi da aka tsai da a 2024 naira 70,000 ne. Mu ɗauka lita naira 1,000 ce don sauƙin lissafi: lita 40 ta cinye fiye da rabin wannan albashi, ba a yi maganar baƙin mai da taya da batir ba, balle hatsi da kuɗin makarantar yara. Shawararmu ita ce, wanda ba zai iya ware wani abu kowane wata ya ajiye da sunan gyara ba, to, lokacin sayen motarsa bai yi ba. Babur mai lafiya ya fi mota mai jinya, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wanda ya riga ya saya fa? Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubad da ruwa, sai ya san yadda zai zauna da ita. Abokan gāban mota a ƙasar Lolo huɗu ne: ƙura, zafi, ruwan damina da gurɓataccen mai. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, sai a riƙa cirewa ana kakkaɓewa, in ta gaji a sake. A yi juyen baƙin mai da filta kamar kowane kilomita 5,000, kada a jira sai inji ya canja murya. A duba ruwan lagireto kowace safiya kafin a ta da mota, a guji ɗura masa ruwan kogi mai laka. In allurar zafi ta hau, a tsaya nan take, ko da gida ya rage taku ɗari. Wannan taku ɗarin shi kan ƙone gaskit, har inji ya buga. Game da mai kuwa, a watan Nuwamba na 2019 an hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen bakin iyaka suka dogara ga man jarka. Mai irin wannan ba ya rasa datti ko ruwa, shi ke kashe famfon mai. In ya zama dole a saya, a tace shi. Da damina kuma, hanyar fadama da ruwa ya rufe ba wurin gwada jarunta ba ce.

Mu akawuna da malamai rubutu ne sana'armu, amma abin mamaki da wuya ka ga mai mota a cikinmu da littafin motarsa. A sayi ɗan littafi na rubutu a ajiye cikin mota: ranar juye, ranar da aka sa taya, abin da aka sake, da kuɗin da aka biya. Bayan wata shida littafin nan zai gaya wa mutum gaskiyar da abokai ba za su gaya masa ba. In ya ga kuɗin gyara na shekara yana neman kamo kuɗin motar kanta, ya sayar ya huta, ya kuma faɗa wa mai saye aibinta, don ciniki da ɓoye aibi ba shi da albarka.

Wani zai ce, ai duk laifin makanikai ne. Lalle akwai gyaran ganganci da ya zama ruwan dare: a cire ɗan makullin da ke daidaita zafin ruwan inji a yar, a haɗa fanka kai tsaye, ko fitilar gargaɗi ta kama a cire ƙwanta don kada ta dami mai mota. Wannan kamar a ɗaure bakin mara lafiya ne a ce ya warke. Amma mu yi adalci. Makanikin ƙauye a kan kafireto ya koyi aiki wurin maigidansa, motocin yanzu kuwa kwamfuta ke raba musu mai, sai an jona na'ura ta karanta ciwonsu. Wa ya koya masa? A nan ne nauyi ya dawo kanmu masu aikin ilmi. Muna da kwalejojin fasaha a Birnin Kebbi da Dakingari. Muna roƙon hukuma ta shirya gajeren kwas da Hausa domin makanikan ƙananan hukumomi irin Bagudo, a kuma taimaki ƙungiyarsu ta mallaki na'urar gwaji ko da guda ce. Malamai kuma su daina nuna wa yara cewa gareji wurin wanda ya kāsa karatu ne. Yaron da ya iya lissafi da karatu shi zai fi iya gyaran motar zamani.

Abin da ya sa muka tsawaita shi ne, ɓarnar ba ta tsaya ga aljihu ba. Malamin da motarsa ta mutu a hanya ran Litinin, aji guda ne ya wuni ba darasi. Akawun da bashin gyara ya shaƙe shi, shi ne wanda Shaiɗan ya ke fara nuna wa akwatin kuɗin hukuma. Motar da ba ta da birki kuwa, ranar da za a kai mai naƙuda asibiti da dare a kan tuna da ita, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba mu abin hawa mai albarka, ya kuma kiyaye mu a hanya, amin.