Daga Rumfar Kpandai: Cikin zomo ba ya son gaggawa

Wannan makon na ajiye maganar farashin doya da kuɗin lori, zan yi maganar zomo. Kada a yi dariya, don hawayen autata ne suka sa na ɗauki biro.

Farkon daminar bana na kai kaya Yendi, na sauka wajen wani aminina da ke kiwon zomaye a bayan gida. Da zan taho ya sa mini biyu a kwali, 'yan wata biyu da haihuwa, ya ce tsarabar Auta. Abin da suka sani a gidansa harawar gyaɗa ce da dusa da ruwa. Ni kuma ban tambaya ba, ban roƙi ko tafi ɗaya na dusar ba. Muka biyo ta Bimbilla da Wulensi, muka iso da dare.

Kun san Kpandai, tsakanin kogin Oti da Daka muke, da an yi ruwa biyu ko'ina ya yi kore shar. Da asuba yarinya ta fita, ta yanko ɗanyar ciyawa da raɓarta, ta haɗa da guntun kabejin kasuwa, ta cika musu akurki. Suka ci kamar ba gobe, muna tsaye muna murna. Kwana biyu, ɗayan ya lafe a lungu, ciki ya kumbura, gindi duk zawo. Kafin la'asar ya mutu.

"Baba, ni na kashe shi?"

Na ce, "A'a Auta, ke alheri kika yi niyya. Ni ne na kawo baƙo ban tambayi cimarsa ba."

Daga nan na shiga tambaya da karatu, ga kuma abin da na samo. Zomo ba kamar akuya yake ba. Yana da wata babbar jaka a ƙarshen hanjinsa, cike da ƙananan halittun da ido ba ya gani, su ke narka masa ciyawa. Waɗannan halittun sabo suke yi da abinci. In ka sauya musu shi dare ɗaya, masu amfani su ragu, masu cutarwa su yi yawa, iska ta cika ciki. Ga shi zomo ba ya iya amai, abin da ya shiga sai dai ya fita ta baya. Ƙananan da aka yaye kwanan nan su suka fi saurin tafiya. Mu ma ai mun san haka: ranar da ka fara sauka Kumasi daga tuwon dawa ka faɗa wa fufu da manja, yaya cikinka ya kwana?

To ga yadda muka bi da na biyun, har yau yana nan yana tsalle.

Na farko, busasshiyar ciyawa ita ce tuwonsa, ɗanyen ganye miya ne. Harawar gyaɗa ko ta wake da busasshiyar gamba kada su yanke a gabansa, dare da rana. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro, tauna ce ke rage su. Ruwa mai tsabta kullum. Masu cewa zomo ba ya shan ruwa ba su taɓa ajiye masa ba ne.

Na biyu, in ka karɓo zomo daga Bawku ko Salaga ko ma maƙwabta, karɓo da abincinsa na mako biyu. Ka ci gaba da ba shi wannan, sai ka ƙara ganye iri ɗaya tak, ɗan abin da bai wuce tafin hannun yaro ba. Ka jira kwana ɗaya ka duba kashinsa. In ƙwaya-ƙwaya ne busasshe, ka ƙara kaɗan gobe. In ya yi laushi yana mannewa, ka janye ganyen, ka koma harawa. Sai iri ɗaya ya zauna kwana uku sannan ka kawo wani. Wanda bai kai wata uku ba, ka ƙara yi masa sannu. Amma in ka ga yana cin wani kashi mai laushi daga jikinsa da dare ko da asuba, kada ka hana shi, halittarsa ce, abinci ne a wurinsa.

Na uku, ganyen da muka gwada lafiya: ganyen dankalin Hausa, zogale, ganyen ayaba, ganyen gwanda, ɗanyen ganyen wake. Alayyahu da kabeji kaɗan-kaɗan. Karas da mangwaro zaƙi ne, lasa kawai. A wanke, a baza a inuwa ya yi yaushi kafin a ba shi. Kada a bar shi cikin buhu ko leda ya yi zafi, kuma abin da ya kwana a akurki a kwashe.

Na huɗu, abin da ba ya shiga bakinsa ko kaɗan: albasa da tafarnuwa, ku mutanen Bawku ku ji da kyau, ɗanyen ganyen rogo da ɓawonsa, ganyen tumatir, piya, zaƙami, zurma da tumfafiya. Ragowar tuwo, burodi da waakye ba nasa ba ne. Dusa ko harawar da ta yi fumfuna a zubar. Babban haɗarin garin nan kuwa maganin feshi ne. Gonakin doya da gefen hanya duk ana fesawa, ciyawa kuma ba ta nuna alama ranar farko. In ba ka san wurin ba, kada a yanko.

In zomo ya wuni bai ci ba, ko kashi ya ɗauke, ba abin jira ba ne, a nemi jami'in dabbobi. Kada a fasa masa kafson mutane irin su amoksisilin, wannan na iya kashe shi.

Kiwon zomo ba baƙo ba ne a Ghana. A 1972, zamanin Acheampong da shirinsa na Operation Feed Yourself, gwamnati ta kafa gidan zomaye a Kwabenya kusa da Ankara don kowane gida ya samu nama. Mu namu na wasan yara ne, amma amana ɗaya ce. Dabbar da ka kulle ba ta da zaɓi sai abin da ka miƙa mata, kuma duk mun ji a wa'azi abin da ya sami matar da ta kulle kyanwa da yunwa.

Yanzu Auta kan duba ƙarƙashin akurki kowace safiya kafin makaranta, ta zo ta ba ni rahoto. Jiya ta fara shi da zogale, reshe ɗaya. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana. Sai mako mai zuwa, in muna da rabon ganawa.