Gidan Da Ke Yawo A Kan Ruwa: Anya Zai Yi Mana A Shehuri?

Kwana biyu ban leƙo ba, hidimar shago ce ta riƙe ni. Dalilin wannan rubutu kuwa, wani abokina ɗan jami'a ne ya nuna mini hoton wasu gidaje a ƙasar Holan, zaune daram a kan ruwa kamar agwagi, ya ce da irinsu muke da su da ruwan Alau bai ci mu ba. Na yi shiru a lokacin, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Ga 'yan uwa na nesa, wayewar garin 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya shiga Fori, Gwange, Bulabulin da Shehuri, bai bar fadar Shehu ba, bai bar asibitin koyarwa ba. Kadoji da macizai suka fito daga gidan zu, fursunoni sama da 270 suka tsere daga gidan yari. Dattawa sun ce rabonsu da ganin irin haka tun 1994. Mahaifina, wanda fatauci ya kawo shi garin nan daga Damagaram tun kafin a haife ni, bai gama farfaɗowa daga gobarar Kasuwar Monday ta Fabrairu 2023 ba sai ga ruwa. Shinkafa, fulawa da sukari yake sayarwa. Sukari kuwa kun san shi da ruwa, buhunan kawai muka tarar.

To ni dai a ra'ayina, gida mai yawo a kan ruwa irin na hoton nan ba namu ba ne. An gwada makamancinsa a ƙasar nan. A 2013 wani masanin zanen gini mai suna Kunle Adeyemi ya yi makarantar katako a Makoko ta Legas, ya ɗora ta a kan gangunan roba sama da 250, duniya ta yi ta yabo. A watan Yunin 2016 ta rushe bayan ruwan sama mai ƙarfi, Allah Ya sa an riga an kwashe yaran. Kuma ku tuna, mutanen Makoko rani da damina a kan ruwa suke kwana suke tashi. Mu fa? Ngadda da rani ƙafewa yake yi ya bar yashi. Gidan da aka yi don ruwa zai yi shekaru a zaune kan busasshiyar ƙasa, ranar watan Afrilu mai wuce digiri 40 tana gasa robar, gara tana cin katakon, ranar da ruwan zai zo kuma ba wanda ya san ko gangunan sun tsage.

Sannan ruwanmu ba a hankali ya taso ba, da gudu ya zo, yana jan motoci da firij da katangun mutane. Ga gidajenmu manne da juna, ga zaure, ga tsakar gida, ga kaka da jikoki duk a ciki. Ta ina za a ɗaga wannan? Balle yawancinmu baƙi haya muke yi, kuma mai gidan da kake roƙo ya gyara maka indararo ba shi ne zai sa wa gidan ganguna ba.

Amma kada a ce na yi watsi da maganar baki ɗaya. Abin da ya burge ni shi ne tunanin da ke bayanta, wato ka yarda ruwa zai dawo, ka yi gini da sanin haka. A wani ƙauye mai suna Maasbommel a can Holan akwai gidajen da a ƙasa suke zaune kamar na kowa. Gindinsu akwatin kankare ne mai rami a ciki, an zura shi a jikin turakun ƙarfe, idan kogin Maas ya cika sai gidan ya ɗaga ya bi turakun sama, idan ruwa ya janye ya sauko mazauninsa. Gida guda ya fi ƙarfin aljihunmu, amma dandamalin kaya bai fi ba. A ce a cikin shago ko sito an yi dandamali na katako a kan ganguna, an kafa ƙarafa a kusurwa huɗu don kada ya tafi, buhuna suna kai, inuwa ta kare robar daga rana. Mai walda na unguwa zai iya wannan. Ni ba injiniya ba ne, iyakata sakandare, shi ya sa nake ganin malaman Jami'ar Maiduguri da na Ramat Polytechnic su ne ya kamata su gwada su gaya mana nauyin buhu nawa ganga ɗaya za ta ɗauka.

Ga mutane kuma, bene ya fi ganga. A Bangaladash wata mai zanen gini, Marina Tabassum, ta ƙirƙiro ɗan ƙaramin gida na gora da ake kira Khudi Bari, wurin kwanansa a sama yake, ruwa ya wuce ta ƙasa. A ranar ambaliya waɗanda suka sami bene ko rufin da zai ɗauke su su ne suka jira ceto da sauƙi. Me zai hana makarantu da masallatan da ake sake ginawa a Shehuri da Gwange su zama masu hawa biyu da matakala ta waje? Haka kwale-kwale. Jihar da ke da Tafkin Chadi da masuntan Baga, amma ranar nan neman kwale-kwale ake yi kamar zinare. Ko guda biyu aka ajiye a hannun kowane Bulama da sun yi rana.

Na san a 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina Alau, madalla, kuma shi ne babban aiki. Sai dai tsakanin 1994 da 2024 shekara 30 ne, mun ga yadda aka manta, aka yi gini a bakin kogi, aka cika magudanai da leda.

Na kai wa Baba maganar dandamalin. Ya yi dariya ya ce in bari mu gama biyan bashin sukari tukuna. Washegari kuma ya kira ni ya ce in nemo ganga huɗu mu gwada a kusurwar sito, amma da buhunan yashi, ba da shinkafarsa ba.